Akwatin da Ta Haɗa wa Jitar Baba

Baba bai yi sallama ba ranar, kuma duk wanda ya san Baba ya san ba ƙaramin abu ke hana shi sallama ba. Shigowa kawai ya yi shagon, ya ratsa masu jiran gyaran rediyo da fanka, ya dire ɗan akwatin ƙarfe a kan teburinta har ƙananan kusoshi suka yi tsalle.

"Uwata, wannan abin naki aikin banza ne."

Ita ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Uwata ko da ransa a ɓace yake. Mutanen layin kuwa Injiniya suke ce mata. Da farko tsokana ce, don ba su saba ganin mace da ƙarfen dalma a hannu ba, amma da ta tayar musu da matattun talabijin sai sunan ya zauna da gaske.

Akwatin nan bafa ake ce masa, kuma kada wani ya ɗauka abin tsafi ne. Sautin da ke fitowa daga jitar lantarki rarrauna ne. In wayar gajeriya ce daga jita zuwa amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, lafiya lau. To amma ƙungiyar su Baba ta samu aiki a wani babban ɗakin taro mai faffaɗan dandamali, sai wayoyi suka yi tsawo, ga kuma fedoji jere reras a gabansa, waɗanda yake takawa da ƙafa in yana son sauya amo. Kowace waya, kowace feda, sai ta gutsuri wani abu daga sautin, kuma kaifin take fara gutsura, siririn amon nan na sama da ke sa tsirkiya ta yi zaƙi a kunne. Kafin ya isa sifika ya dushe, kamar ana kiɗa a cikin bargo. Bafa ana sa ta ne daf da jita, ta karɓi sautin tun bai gaji ba, ta ba shi ƙafar tafiya, ya ratsa dogayen wayoyin bai zubar da komai a hanya ba. Ba ta ƙari, ba ta ragi. Iyakar aikinta ke nan.

Injiniya da hannunta ta haɗa wannan, kuma ranar da aka fara gwada ta duk 'yan ƙungiyar sai da suka ɗago kai, don jitar ta dawo tangararan kamar da. Baba ne kaɗai ya taɓe baki ya ce, "To, da sauƙi." Ga shi yau ya dawo da ita.

"Har yanzu a dushe take," in ji shi, da murya sama, yadda ya koma magana a 'yan shekarun nan. "Na ce miki kiɗa ba gyaran fanka ba ne. In ba ki iya ba ki ce ba ki iya ba, in nemi wanda ya iya."

Masu jira suka sunkuyar da kai, kowa ya shiga duban takalminsa. Ita dai ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba, zan duba."

Ana cikin haka wata tsohuwar amfilifaya da take gyarawa, wadda ta bari a kunne a gefen tebur, ta saki wani siririn fito mai shiga har cikin haƙori. Wata mata ta toshe kunnen jaririnta. Mai fanka ya yamutsa fuska ya ja da baya. Injiniya ta kai hannu za ta kashe, sai idonta ya faɗa kan Baba. Yana tsaye daf da abin, kusa fiye da kowa, yana ta faɗansa a kan yaran zamani da gaggawarsu, ko gezau. Ta bar hannunta a kan makunnin ba ta danna ba, tana kallonsa, har mai jaririn ta ce, "Haba Injiniya, ki tausaya mana mana."

Ta kashe. Baba ya gama faɗansa ya fita.

Nan take abubuwa suka riƙa dawo mata. Butar shayi da ke ta fito a kicin yana zaune bai motsa ba. Wayarsa da ke ƙara a aljihu sai an taɓa shi. Mama da ta koma maimaita komai sau biyu tana cewa tsufa ne ya sa masa taurin kai. Ta buɗe bafar duk da haka, ta auna ta ciki da bai, tana fatan ta sami kuskurenta. Wallahi da ta samu da ta yi murna. Babu komai, bafar lafiyarta ƙalau.

Washegari da rana ta ɗauki akwatin ta tafi ɗakin taron, inda suke gwaji. Tun daga bakin ƙofa ta ji abin da ya sa ta tsaya. Baba ya murɗe maɓallin kaifi na amfilifayarsa har ƙarshe, ya ƙara da na fedoji, jitar tana ta yanka iska kamar ana goga cokali a gindin tukunya. Yatsunsa kuwa suna nan yadda ta san su tun tana rarrafe, suna gudu a wuyan jitar ba tuntuɓe. Mawaƙiyar ƙungiyar ta juya masa baya tana waƙa da ido a runtse. Mai ganga, da ta lura da kyau, auduga ce cushe a kunnensa.

Kawu ne ya yafito ta. Shi ke zaune a bayan miksa, na'urar da ake haɗa sautin kowa kafin ya fita ga jama'a. Ba ƙanin Mama ba ne, abokin Baba ne tun suna samari, amma Kawu ta tashi tana ce masa.

"Kin ji da kunnenki ko?" in ji shi.

"Na ji, Kawu."

"Ina ragewa daga nan iyakar iyawata, amma amfilifayarsa a kan dandamali take, tana watsa wa mutane kai tsaye. Satin da ya wuce masu teburan gaba tashi suka yi. Mai ɗakin ya kira ni gefe, ya ce ko a gyara jitar ko a sauya mai jitar."

"Ba wanda ya gaya masa?"

Kawu ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wa zai ce wa zaki bakinsa na wari? Mutumin da ya koya wa rabin makaɗan garin nan saita tsirkiya da kunne, shi zan tara in ce kunnensa ya tafi? Ni dai ba da bakina ba. Ke ce 'yarsa."

Kun ji fa. Ƙattin maza masu furfura, sun ci sun sha tare da shi tsawon rayuwa, amma da magana ta yi nauyi sai aka tuna akwai 'ya.

Ta yi niyya, kada a ce ba ta yi ba. Da yamma ta same shi a tsakar gida yana goge jitar da tsumma, ta durƙusa gefensa, ta ce, "Baba, dama akwai maganar da nake so mu yi." Ya ɗago ya zuba wa bakinta ido, yana jira. Ta ga furfurar da ta cinye gemunsa, ta ga kantar da tsirkiya ta yi wa kan yatsunsa, yatsun da suka ciyar da gidan nan kaf. Maganar ta zo har maƙogwaro ta koma.

"Na gano matsalar," ta ji bakinta yana faɗa. "Laifina ne. Zan sake haɗa wata."

"Yauwa," in ji Baba, ya ci gaba da gugarsa. "Ai amsa kuskure ba gazawa ba ce."

Sai ta ɓullo da dabara, don kai gare ta. Ta haɗa sabuwar bafa mai ƙofar fita biyu. Ƙofa ta farko bafa ce ta gaskiya, tana kai sautin jita yadda Allah ya yi shi, ya bi ta fedoji ya tafi miksar Kawu, daga nan ga jama'a. Ƙofa ta biyu kuwa ta ɓoye mata wani ɗan haɗin lantarki a ciki, mai tura kaifin sama har ya wuce hankali, ta sa masa 'yar ƙusa da ake murɗawa da sukudireba in ana son ƙari. Wannan ƙofar ba ta zuwa ko'ina sai wata ƙaramar sifika da za a ɗora a kan sanda, daidai kunnen Baba, ta juya wa kowa baya. Aka ce masa tsarin zamani ne, yanzu manyan makaɗa ba sa ajiye amfilifaya a dandamali. Kawu ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai kuwa, haka ake yi.

Ranar gwaji Baba ya tsaya a wurinsa, ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Ya tsaya cak. Ya sake kaɗawa. Sai ta ga kafaɗunsa sun sauka, fuskarsa ta washe irin yadda ta daɗe ba ta gani ba, ya rufe ido ya shiga wani tsohon kiɗa da yake yi mata tana ƙarama in ta ƙi barci. A cikin ɗakin kuwa, inda take tsaye kusa da Kawu, jitar tana fita garau, mai taushi, mai zaƙi, har mai share ɗakin ya jingina tsintsiyarsa. Mai ganga ya zare audugarsa a ɓoye ya sa a aljihu.

"Allah ya yi miki albarka," Kawu ya raɗa mata. "Kin rufa mana asiri."

Ita kuwa ta san abin da Kawu bai sani ba, ko kuma ya sani ya kau da kai. Kunnen da ya fara mutuwa ba a yi masa magani da ƙara. Abin da ke fita daga ƙaramar sifikar nan wuta ce, kuma ɗan jin da ya rage wa Baba shi take ci.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Washegari sai ga Baba a shago, ya yi sallama har sau biyu, ya jira shagon ya cika, sannan ya gyara murya.

"Jama'a, kwanaki na zo nan na ci mutuncin yarinyar nan a gabanku. To a gabanku zan janye. Abin da ta haɗa mini, ko a ƙasar waje ba a yi irinsa ba. Uwata, ki yafe mini."

Uba yana neman gafarar 'yarsa a gaban mutane, a kan ƙaryar da ita ta shirya masa. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mai fanka, wanda ya dawo karɓar kayansa, har da tafi. Ta ce, "Ba komai, Baba," idonta a kan dalmar da ke narkewa, hayaƙin yana shiga mata ido, ta ji daɗin samun abin da za ta ɗora wa laifin hawayen.

Daga nan Baba ya zama mai shela. A wurin aski, a tashar mota, a gidan suna, duk inda ya zauna sai labarin akwatin Uwata. Ya koma cin abinci da kyau. Ya koma tsokanar Mama. Mama kuwa, da ta tare 'yarta a kicin ta tambaye ta me ta sa a akwatin nan, kuma ta ji amsa, sai ta shiga juya ludayi a tukunyar da ba ta bukatar juyi. Can ta ce, "To, a bar kaza cikin gashinta. Kin ga dai yadda ya dawo mutum." Shi ke nan, Mama ma ta shiga sahu.

Makaɗa suka fara zuwa shago suna son irin ta Baba sak. Ta riƙa haɗa musu bafa ta gaskiya mai ƙofa ɗaya, suna tafiya suna yabo, don jitocinsu sun washe da gaske. Ko wannan yabon ba ta iya haɗiye shi, tunda ta san ta inda ya biyo.

Ba a jima ba Baba ya kira ta gefe bayan gwaji. "Uwata, kamar ya ɗan fara dushewa. Ko batir ne?"

Ba batir ba ne. Ta ce bari ta duba, ta juya masa baya, ta buɗe akwatin, ta murɗa 'yar ƙusar kaɗan. Ya kaɗa, ya yi murmushi, ya ce ai ya san hannunta ba ya ƙarya. Bayan wani lokaci ya sake kiranta, ta sake murɗawa. Kowane murɗi ta san yawan jin Baba da aka ci kafin a zo gare shi, kuma ta san da hannunta aka ci. Ta sha alwashin faɗa masa ranar hutu, ranar hutu ta zo ta ga yana dariya da jikoki ta ce sai wani satin. A gida yanzu sai an dafa kafaɗarsa yake sanin an shigo. Ran da ta sa sukudireba ta ji ƙusar ta tsaya, ta kai ƙarshe, sai ta zare sukudirebar. Ta rufe akwatin ta ce masa ta gyara.

Ana wata ga wata, sai ga Dogo ya iso gari. Dogo tsohon abokin Baba ne kuma abokin hamayyarsa, tare suka koyi jita, kowa yana cewa shi ya koya wa ɗayan. Ya yi shekaru a wani gari mai nisa, labarin akwatin ya kai masa har can. Da rana tsaka ya shigo ɗakin taron ana gwaji, yana ɗingishi da sanda, bakinsa na gaba da shi.

"Ina tsohon da aka ce 'yarsa ta sayo masa sababbin yatsu?"

"Ga shi nan, ya fi ka gashi a ka," in ji Baba. Suka rungume juna suna zagin juna. Injiniya ta durƙusa ta gaishe shi, ya dafa kanta ya ce ashe ita ce mai abin mamakin.

Ta ga abin yana tahowa tun daga nesa, amma ƙafarta ta ƙi ɗagawa. Baba ya cire jitar daga wuyansa ya rataya wa Dogo.

"Zo nan. A'a, ba can ba, nan daidai inda nake tsayawa. Sa kunnenka kusa da 'yar sifikar nan, ka ji abin da ba ka taɓa ji ba tun da uwarka ta haife ka."

Kawu ya miƙe daga bayan miksa ya ce, "Ai da ya sauko nan ƙasa, ya fi jin daɗinsa." Baba bai ji ba, don ya ba shi baya.

Dogo ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu, ya sauke shi a kan tsirkiyoyin gaba ɗaya da ƙarfinsa. Kansa ya fizge gefe kamar an kwaɗa masa mari. Hannunsa ya tafi kunne kafin ya sani. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi ɗakin. Ya ga mawaƙiya ta dafe ƙirji, ya ga mai ganga yana girgiza masa kai a hankali, ya ga Kawu a tsaye, ya ga yarinyar da ya dafa wa kai ɗazu ta yi tsuru-tsuru. Dogo ba yaro ba ne. Ya mayar da hannun da ya kai kunne ya zama susa.

"Kai," in ji shi, idonsa na ruwa. "Lallai. Wannan aiki ya yi. Yabon gwani ya zama dole."

Amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma Baba ya san fuskar Dogo tun ba gemu. Mutumin da bai taɓa yaba masa komai ba sai da gardama, yau ya yaba a karo ɗaya, yana matsawa nesa da sifikar. Murmushin Baba ya tsaya a inda yake, bai ƙaru ba, bai tafi ba.

"Ci gaba da kaɗawa," ya ce.

Ya sauka daga dandamalin a hankali, abin da bai taɓa yi ba ana kaɗa jitarsa, don kullum shi ke riƙe da ita. Ya taka har tsakiyar ɗakin, tsakanin teburan da aka kifa wa kujeru, ya tsaya a gaban manyan sifikun da jama'a ke ji. Dogo yana kaɗawa, jitar tana fita tas, kowa na jin ta. Baba ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya matsa kusa. Ya koma kan dandamali ya sa kunne a ƙaramar sifikar, ya sake saukowa. Sannan ya sunkuya ya bi wayoyin da ido, daga jita zuwa akwati, daga akwati waya biyu, kowace da inda ta nufa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa cikin wayoyi, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Bai dubi 'yarsa ba sam, kuma wannan ya fi mata ciwo fiye da a ce ya zage ta.

"Dogo, ka gaisa da mutanen gida," ya ce. Ya karɓi jitarsa, ya sa ta a jaka, ya zuge, ya rataya, ya fita. Akwatin ya bar shi nan a ƙasa.

Ta bi shi. Rana ta ɗan karkata, titi cike da masu komowa daga aiki, babura na ta ƙaho. Yana gaba da jita a baya, tana biye da tazarar da ta saba bari tsakaninta da shi tun tana yarinya. Suka wuce masu faci, suka wuce kantin magani. Wajen wata mai sayar da lemo a bakin hanya ta ga in ba ta faɗa yanzu ba, ba za ta taɓa faɗa ba.

Ta matso bayansa, kanta a ƙasa, ta fara. Ta ce bafar farko lafiyarta ƙalau. Ta ce tun ranar da ya dawo da ita ta gane, ta rasa bakin faɗa. Ta faɗi ƙofa ta biyu, ta faɗi ƙusar, ta ce duk murɗin da ta yi ta san tana ƙara lalata masa kunne, kuma ta yi. Ta ce ba Kawu ba ne, ba Mama ba ce, ita ce. Ta roƙe shi gafara, hawaye na zuba a kan takalminta. Ta juye duk abin da ke cikinta har ta ji ta yi sakayau.

Baba yana ta tafiyarsa.

Sai da ya zo tsallaka titi ya waiga don duba mota, ya gan ta a bayansa da jiƙaƙƙiyar fuska. Ya tsaya.

"Magana kike yi?"

Ta gyaɗa kai.

"To ki dube ni, ki ɗaga murya."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa tsayar da ido a cikin idon Baba ba, balle ta ɗaga masa murya. Ta ɗago. Duk dogon bayanin nan ya gudu, abu ɗaya ya rage.

"Kunnenka ne, Baba."

Ya karkato kai, yana kallon bakinta. "Me?"

"Kunnenka ne!" Ta ƙwala da iyakar ƙarfinta. "Ba jitar ba ce! Ba ka ji ne! Ni kuma na ƙara lalata shi!"

Masu wucewa suka tsaya. Wani mai babur ya rage gudu yana kallo. Mai lemo ta ajiye wuƙarta ta riƙe haɓa, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Oh ni, 'ya'yan yanzu. Dubi ƙatuwar mace tana daka wa ubanta tsawa a titi, ko kunya babu." Wasu suka ce wallahi kuwa. Injiniya ta tsaya a wurin ta shanye. Baba bai san an yi ba.

Ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa. Ya gyara igiyar jakar a kafaɗarsa.

"Ranar da na zo shagonki na ba ki haƙuri," ya ce, "kin sani?"

Ta gyaɗa kai.

"Mutanen da ke wurin fa?"

Ta girgiza kai da sauri. Ya sauke numfashi, kamar wannan kaɗai aka rage masa.

"Gobe ki rufe shago ki raka ni wurin likita," in ji shi. "In ya yi magana ki tsaya a gabana ki maimaita mini. Yadda ya faɗa za ki faɗa, Uwata, kada ki gyara."

Ta ce to. Ya ga bakinta ya motsa, ya juya ya duba hanya. Wata mota ta taho ta bayansu tana ƙaho, ya sa ƙafa zai sauka titi, ta kama hannun rigarsa ta riƙe har motar ta wuce.